Manomin Citta da Lungun Bayan Makaranta

An yi wani mutum, manomin citta, wanda Allah ya sa wa gonarsa albarka. Da wadata ta samu, sai ya jingine fartanya ya ɗauki 'yan ƙwadago, shi kuwa ya koma gindin mangwaro da malmalar tuwo da tsire da lemon kwalba. Tumbi ya yi ta gaba, har sunkuyawa ɗaura takalmi ta zama masa aiki. Mutane suna cewa, "Jikin hutu ke nan," shi kuma yana jin daɗi.

Wata Lahadi jiri ya kwashe shi a ƙofar majami'a. Aka kai shi asibiti, likita ya auna shi ya ce, "Baba, jininka ya hau ƙwarai. In ba ka rage ƙibar nan ba, ina yi maka tsoron shanyewar jiki." Mutumin ya tsorata, gama ciwon da ya kwantar da wansa shekara huɗu ke nan.

A kwanakin nan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garin ta buɗe shiri domin magidanta masu ƙiba. Kowace Asabar da sassafe sukan taru a fili, a auna nauyinsu, a yi musu gargaɗi a kan abinci, sa'an nan su zaga gari da sassarfa su komo. Mutumin ya ba da sunansa, ya kuma faɗa wa kocin ƙungiyar abin da likita ya ce.

Ran farko, tun ba a kai kasuwa ba, sai ƙeyar kowa yake hange. Numfashi ya gagara, ga mata masu tuyar ƙosai sun zuba masa ido. Ya ce a ransa, "Ina dattijon ikilisiya, a ce ni ne kurar baya?" Sai ya saci jiki ya bi lungun bayan makaranta, wanda yake ɓullewa fili kai tsaye. Ya laɓe bayan katanga, yana jira su iso ya saje da su.

Ashe ƙungiyar tana da al'adar da bai sani ba. Ba mai shiga fili sai na ƙarshe ya iso. Waɗanda suka riga kaiwa ƙofa sukan juya su taro na baya, a shigo tare. Suka juya, suka bi hanya har kasuwa, babu shi. Hankalin kocin ya tashi. Aka shiga leƙa kwalbati, ana tambayar masu ƙosai, wani ya ruga asibiti.

Mutumin ya gaji da jira ya fito, sai ga ƙattin magidanta sun bazu a titi, suna haki suna kiran sunansa. Da kocin ya hango shi, sai ya zauna daɓas a ƙasa ya ce, "Mun gode Allah! Baba, ina ka shiga?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗana, yanke na yi. Kunyar zuwa ƙarshe na ji."

Kocin ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Baba, yau ka sa mutum goma sha biyar sun zaga gari sau biyu, abin da ya gagare ni tun da muka fara. Nan ba a duba wanda ya riga zuwa. Kawuna muke ƙirgawa."

Asabar ta gaba ya zo ƙarshe a gaban idon kowa, aka komo aka taro shi. Bayan wata shida likita ya auna jininsa har sau biyu, ya ce, "Baba, abin da kake yi, kada ka fasa." Mutumin ya sauke ajiyar zuciya, ya fita yana yabon Ubangiji.

To, ga ma'anar misalin. Hanyar nan ita ce tafiyar bangaskiya, ƙungiyar kuwa ikilisiya ce. Lungun bayan makaranta shi ne ɓoye rauninmu domin a ce mu ma mun iso. Da yawa a cikinmu, musamman mu maza, gara mu faɗi a ɓoye da a gan mu muna haki. Amma lungu ba ya rage ƙiba, ba ya kuma warkar da zunubi, sai dai ya wahalar da masu ƙaunarmu. Kai da ka yi gaba, waiwaya ka ga wanda babu. Kai kuma da aka bari a baya, da ciwo ko da laifi, tsaya a kan hanya inda za a gan ka. Akwai masu komowa dominka.