Tsagar Jikin Giginya

An yi wani mutum, wani bawan Allah masunci, ana ce masa Jatau, a wani ƙauye na bakin tafki. Ranar da labarinsa ya iso wa matarsa Tasalla, tana tsaye kan tudu, sai ta hango kwalekwalensa ya dawo, wani ne ke tuƙawa. Amma ku dakata, 'yan'uwana mata, bari in faro muku daga tushe.

Ƙauyen nan sau biyu ruwa yana tashinsa. Ya kore su daga Tsohon Gari, ya kore su daga gindin kuka, sannan suka hau tudu. Tsakanin tudu da tafki akwai wata doguwar giginya. Duk shekarar da ruwa ya yi cikowa, kakan Jatau sai ya tsaga jikinta daidai inda ruwan ya tsaya. Ubansa ya gada, shi ma ya gada. Tsagar can sama, ko dogon mutum ya miƙa hannu ba ya taɓa ta.

To, sai tafki ya ja baya. Shekara bakwai! Inda ake jefa taru ya koma gonar masara, mutane suka manta.

Ana nan sai ga baƙi, gida goma sha biyu, fari ya koro su. Mai gari ya nuna musu cikin tafkin su yi gini, don tudu ya cika. Ya kira Jatau gefe ya ce, "Kada ka tsorata mana baƙi da giginyarka."

"Ranka ya daɗe, in sun tambaye ni fa?"

"Ka ce ba ka sani ba."

"Ai kuwa na sani."

Ku saurara! Washegari dattijon baƙin ya tsaya gindin giginya ya ce, "Ɗana, wannan zanen na mene ne?" Jatau ya gaya masa gaskiya. Dattijo ya dafe kai ya ce, "To ina za mu?" Jatau ya ce, "Ina da gona kan tudu. Ku gina a can."

Tasalla da ta ji, ta yar da muciya. "Malam, gonar da muke ci? Saboda ruwan da ya shekara bakwai bai leƙo ba?"

Ya ce, "Tasalla, ruwa ba ya manta makwancinsa."

Kwana uku ba ta yi masa magana ba. Kwana uku, Allah ya yafe mata! Gari kuwa ya samu abin dariya. In ya wuce sai a ce, "Sarkin ruwan tsandauri, yaushe jirgi zai tashi?" Har wasu 'yan gari suka sauka suka gina filin da baƙin suka bari.

Damina ta biyu, da hantsi, rana na haskawa, sai aka ji ƙugi daga gabas. Ruwa! Ruwa ne ja, ya taho da itatuwa da rumbuna! Kwalekwale ɗaya ya rage a garin da bai ruɓe ba, na Jatau, don shi kaɗai ke toshe ɓarakar nasa kowace shekara. Ya tura, ya kwaso mutane, ya koma. Sawu shida, jama'a! A na bakwai jirgi ya cika, saura mutum ɗaya kan jinka, cikin masu yi masa dariya. Jatau ya ba shi wurinsa, ya miƙa masa filafilin tuƙi, shi kuma Jatau ya diro ruwa ya riƙe gefen jirgi. Kafin su kai giginya, igiyar ruwa ta ɓamɓare hannun Jatau.

Ba a rasa kowa ba sai shi. Baƙin nan kuwa ko ƙafarsu ba ta jiƙe ba, kuma su ne suka ciyar da Tasalla, har jikokinsu.

Abin da nake gaya muku shi ne, gaskiyar da kika sani amana ce, kada ki ɓoye ta don tsoron babba ko dariyar mutane. In kin san inda rami yake, ki faɗa wa mai tafiya. Kuma wadda ta kwana da fushin mijinta kan alherin da ya yi, ta je ta shirya da shi yau, kada ta jira gobe.

Ni ce Tasallar nan. Na tsufa, hannuna ba ya iya tsaga giginya. Amma kullum bayan asuba nakan gangara in kafa kara a bakin ruwa, in duba na jiya, in ga ko ruwa ya ƙaru.