Mutumin da Ya Ɗora Takardar Motar Ubansa a Kan Bonet

An yi wani mutum a nan birnin Detroit, ba nesa da masallacin nan ba. Ba zan kama sunansa ba, wasunku sun san shi.

Mahaifinsa, tsoho Odell, shekara talatin da ɗaya ya yi yana ɗaura injin a masana'antar motoci. Abin da ya bari gida ɗaya ne da mota ɗaya. Motar ƙirar 1970 ce, ja, mai silinda takwas, irin wadda in an tayar da ita sai tagogin maƙwabta sun yi rawa. Da ciwon ajali ya kama shi, ya kira ɗansa da 'yarsa Lavonne ya ce motar tasu ce su biyu, amma takardarta ta zauna a hannun namijin. Sharaɗi ɗaya ya gindaya. Duk watan Agusta, ranar da tsofaffin motoci ke jerin gwano a titin Woodward, a ɗauki mahaifiyarsu a kujerar gaba, domin a cikin motar nan ya nemi aurenta.

Shekara shida mutumin nan yana cika alkawari. Sai dai a hankali motar ta shiga kansa, har ya fara ganin shi ne silinda takwas ɗin.

Wata Asabar da rana, a tsohon filin jirgin sama inda masu motoci ke taruwa suna gasa nama, sai ga Cedric, tsohon abokin aikinsa, da wata 'yar ƙaramar mota. Silinda huɗu gare ta, amma tana da turbo, na'urar nan da ke cusa wa injin iska da ƙarfi. Mutuminmu ya leƙa cikin bonet ya tuntsire da dariya.

"Kai Cedric, keken ɗinkin matarka ka sato? Injin lita biyu? Ai madarar da ke firjina ta fi haka yawa!"

Cedric ya ce, "Babban yaya, taka dai baki gare ta. Ruri daban, gudu daban. Ga fili ga mai doki."

Suka jera, tseren rubu'in mil. Ana ɗaga hannu ya taka totur har ƙasa. Tayoyinsa na baya suka tsaya wuri ɗaya suna juyawa suna ta hayaƙi, domin ƙarfin ya fi abin da za su iya riƙewa. Ita kuwa ƙaramar da ƙafafu huɗu take ja, ga ta ba nauyi. Kafin jar motar ta kama ƙasa, Cedric ya ba shi ratar mota biyu. Jama'a suka yi shewa, suka koma kan namansu. Zuwa la'asar kowa ya manta, ban da mutum ɗaya.

Ya 'yan uwa, don Allah me aka yi masa? Shekara hamsin ce tsakanin motocin nan biyu. Wa ke sa kakansa tsere da jikansa, in tsohon ya sha kaye ya ce an ci mutuncin gidansu? Abin da ke ba ni takaici ke nan. Motarsa ba ta rasa komai ba ranar nan. Zuciyarsa ce ta kumbura.

Ya daina barcin kirki. Ya je ya sayo tulun gas ɗin nan da masu tsere ke fesa wa injin don ƙarin gudu, ya shiga huda injin da ubansa ya ɗaura da hannunsa, injin da ba a taɓa buɗe shi ba. Lavonne ta same shi a gareji, hannu duk baƙin mai.

"Yaya, me kake yi wa motar Baba? Saura mako uku Agusta fa. Mama har ta sayi sabuwar hula."

"Ke je ki, wannan maganar maza ce. Sau ɗaya zan koya wa yaron can hankali."

"Cedric ne yaro? Da furfurarsa? Kai dai ka ji tsoron Allah, rabinta tawa ce."

Ya yi kunnen uwar shegu da ita.

Kun san al'adar masu tseren nan. In gardama ta yi zafi, kowa ya fito da takardar mallakar motarsa ya sa hannu, a ɗora a kan bonet, wanda ya ci ya tafi da mota biyu. Sunanta caca, ko da me za ku lulluɓe ta. Ita mutuminmu ya kira Cedric su yi. Cedric sau biyu yana cewa a bar wa wasa matsayinsa. Mutuminmu ya ce a gaban jama'a ai tsoro yake ji. Aka ajiye takardu.

A wannan karon ya tashi da kyau, har ya ɗan wuce gaba. Da ya hango ƙaramar tana matso shi ta madubi, sai ya danna gas, ya ƙi sakin maɓallin. Tsohon ƙarfe bai san wannan wuta ba. Aka ji ƙara kamar an harba bindiga, fistin ya fasa cikin injin ya fito, mai ya malale a kan kwalta. Jar mota ta gangara ta tsaya cikin hayaƙi.

To ga inda raina ya fi ɓaci. Cedric ya zo da takardun biyu a hannu ya ce, "Babban yaya, karɓi abinka. Ka ce dai ta fi ta gudu, shi ke nan, mu nemo wani injin mu sa kafin Agusta."

Kalma huɗu, ya 'yan uwa! Ta fi ta gudu. Ƙofar tuba a buɗe, har da mai riƙe masa ita. Mutuminmu ya dubi mutanen da ke kallo ya ce, "Ba a taɓa cin silinda takwas ba. Gas ne ya cuce ni. Riƙe tsiyarka." Cedric ya jira shi mako biyu bai zo ba, ya sayar da jar motar ga wani mai tara tsofaffin motoci daga wata jiha.

Ranar jerin gwano, mahaifiyarsa ta zauna a baranda tun hantsi, da sabuwar hularta da jaka a cinya. Ba wanda ya iya gaya mata. Ɗanta ya iso a ƙafa. Ta dube shi, ta dubi titi ta bayansa.

"Ina motar babanku?"

Ya fara bayanin taya da gas. Ta cire hular ta ajiye a cinya, ta ce, "Ni ba gudu nake so ba, ɗana. A hankali ma ake tafiya ranar nan."

Ba ta ga wani Agustan ba. Lavonne tun ranar jana'iza ba ta ƙara taka gidansa ba. Yau yana nan a garejin da ba komai a cikinsa, makullin motar na biyu a aljihu, duk wanda ya tsaya sai ya ce masa da tayar ta kama ƙasa da labari ya sha bamban. Har yanzu!

Girman kai rawanin tsiya ne. Shi ya haifi cacar, cacar ta cinye amanar, amanar ta tafi da zumunci. Kowannenmu akwai abin da aka damƙa masa, akwai kuma wanda ya fi shi gudu. Wace takarda ce kai ka ɗora a kan bonet don kada a ce an fi ka?

Allah ya kiyaye mu da zuciyar da ba ta iya cewa an fi ta, ya ba mu ikon sauke amanar iyaye tun suna zaune a baranda suna jiranmu. Amin.