Ƙullin Da Ke Aljihun Mu'az

Akwai wani magidanci a Gafasa mai suna Lurwanu, mutumin kirki ne, sai dai idan zargi ya shiga ransa ba ya fita da sauƙi. Wanda ya fi shan wannan hali nasa kuwa shi ne ƙanensa Mu'az.

Gaskiya Mu'az ne ya ja wa kansa. Shekara huɗu ya yi yana ƙwadago a gonakin mutane da ƙarfin ƙwaya. Idan ya haɗiya da safe sai ya yi aikin mutum uku, idan bai samu ba ko fartanya ba ya iya ɗagawa.

Da damina ta faɗi, ya zo gaban mahaifiyarsu Hure ya ce ya daina, a ba shi gonar da mahaifinsu ya bar masa, wadda ke hannun Lurwanu. Lurwanu ya amince, amma da sharaɗi: ya yi noman farko shi kaɗai. Ranar da aka kama shi da ƙwaya ko guda ɗaya, gonar ta bar hannunsa ke nan.

Makon farko abin tausayi ne. Kunya biyu Mu'az zai nome ya zube a gindin marke, jiki na rawa, yana amai. Lurwanu ya ce a ransa ba za a kai Juma'a ba.

Aka kai Juma'a, aka wuce. Kunya biyu ta koma biyar, biyar ta koma tara. Wani yayan da murna zai yi, amma Lurwanu sai hankalinsa ya tashi. A ina mutumin da ko tsayuwa ba ya iyawa ya samo wannan ƙarfi?

Ya fara laɓewa a bayan dawar maƙwabci yana leƙensa. Nan ya lura da wani abu. Duk sanda Mu'az ya kai ƙarshen kunya ya fara layi, sai ya juya baya, ya sa hannu a aljihu, ya ɗan jima a haka, sannan ya koma bakin aiki.

Ran nan da azahar Mu'az ya rataye rigarsa a reshe ya tafi alwala. Lurwanu ya lallaɓa ya laluba aljihun, ya ciro wani ɗan ƙullin tsumma ɗinke da jan zare, duk ya yi baƙi da gumi. Ya matsa shi, ya ji ƙwayoyi a ciki. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ko da yake wani ɓangare na zuciyarsa ya ji daɗin cewa zarginsa ya tabbata.

Ya tasa ƙanen a gaba har gida. A gaban Hure ya farke ɗinkin, katin ƙwaya ya faɗo kan tabarma.

"Ga ƙarfin ɗanki nan, Inna," in ji shi.

Hure ta ɗauki tsumman ta duba shi da kyau, ta ce, "Wannan ɗinkin da ka farke, nawa ne. Kwana arba'in ke nan da ya kawo mini katin ya ce in ɗinke masa, guda goma ne a ciki. Duba ka gani."

Lurwanu ya duba. Goma cif, ba a ɓalle ko ɗaya ba.

Ya tambayi Mu'az dalilin da ya sa bai jefar ba tun farko. Mu'az ya ce da ya jefar, kowace kasuwa ya je zai samu wata, don haka ba rashinta ne zai hana shi sha ba. A ƙarshen kowace kunya jikinsa yakan ce ya gaza, sai ya damƙe ƙullin ya ce wa kansa, bari in ƙara ɗaya tukuna. Da haka ya kai yau.

Sai a lokacin Lurwanu ya kalli tafin hannun ƙanensa, duk ya farfashe, wani wurin ya warke, wani yana jini. Kunya ta kama shi, ya rasa inda zai sa kansa. Ya ba shi haƙuri, ya ce gobe da sassafe zai zo da fartanyarsa su ƙarasa tare.

Mu'az ya ɗauki katin ya jefa a murhun Hure, ya saɓa fartanyarsa a kafaɗa.

"Kunya bakwai ta rage, Yaya. Idan ka nome mini ko ɗaya, gobe zuciyata za ta ce ba ni na iya ba. Ka zo dai ka zauna a inuwa, ba sai ka laɓe a dawar mutane ba."

Darasi: Idan jikinka ya ce ka gaza, ka roƙe shi kunya ɗaya tak, gobe ka ƙara wata. Kai kuma da ke gefe, kada ka yi saurin zargin mai ƙoƙarin gyara kansa, ba ka san yaƙin da yake yi a ɓoye ba. Ku tura wa wanda kuka san yana daf da sarewa.