Akwatin da Aka Bari a Gidan Gwaggo

A cikin maƙwabtan da Allah Ya haɗa ni zama da su a shekarun baya, akwai wani mutum da kowa ke kira Auta, domin shi ne na ƙarshe a ɗakinsu, kuma sunan ya bi shi har furfura. Allah Ya hore masa hannu mai kyau da haƙurin zama a kan aiki. Ba ya cin haƙƙin kowa, ba ya wasa da ibada. Aibinsa guda ne, amma babba: ba ya jure gyara. In ka ce masa hularsa ta karkace, ya gwammace ya yini da ita a karkace da a ce kai ne ka daidaita masa.

Sana'ar gidansu ita ce kayan ƙawa da ake ratayawa a ƙofofi da tagogi a kwanakin biki: taurari, da ganyaye, da furanni, da 'yan fitilu. Da yumɓun kanti ake yin su, mai launi iri-iri, wanda ake murzawa a tafin hannu har ya yi laushi, sannan a gasa shi a ƙaramin tanderun lantarki ya taurare. Mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa, masassaƙi ne. Shi ya sassaƙa siffofin a kan katako, ɗaya bayan ɗaya, cikin shekaru masu yawa. Waɗannan katakai su ake kira iyaye a gidan. Akan barbaɗa wa uwa hoda, a danna mata yumɓu, a ɓamɓare a hankali, a gasa, sai ya zama mazubi. A cikin mazubin nan ake danna yumɓu mai launi a fitar da 'ya'ya, a huda su, a gasa, a zura musu zare. Mazubi yakan gaji, bakinsa ya cinye, don haka duk shekara kafin biki ake komawa ga iyaye a ɗauki sabo.

Har yau in na rufe ido ina ganin ɗakin aikin nan. Tebur mai gilashi a sama, 'yan wuƙaƙe a jere a cikin tsohon kofi, ƙanshin man katako ya gauraya da na yumɓu mai ɗumi, tsohon kuwa yana sunkuye leɓɓansa na motsi da ambaton Allah. Akwai wani ganye da ya sassaƙa, jijiyoyinsa sirara kamar gashin ido, kuma a gefensa ya bar ɗan gurbi kamar inda tsutsa ta gutsura. Na taɓa tambayarsa dalili, ya yi dariya ya ce, “Malam, ka taɓa ganin ganyen da ya girma a duniyar nan ba a taɓa shi ba?”

Da ciwon ajali ya kama shi, sai ya damƙa akwatin iyayen a hannun ƙanwarsa, wadda duk gidan ke kira Gwaggo. Ita ce ta yi shekaru tana taya shi gashi, ta san zafin tanderu kamar yadda ta san yunwar cikinta. Ya yi wasiyya cewa akwatin ya zauna a wurinta, Auta kuma ya riƙa zuwa duk shekara ya buɗe, ya shanya iyayen su sha iska, ya shafe su da mai, ya ɗauki mazubansa a gabanta. Ya miƙa wa Auta makullin, ita kuma ya bar mata akwatin, don kada ɗaya ya wadatu da barin ɗaya.

Haka aka yi shekaru cikin lumana. Ranar buɗe akwati takan zama ranar farin ciki. Auta ya zo da matarsa, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a jera iyayen a inuwa, Gwaggo tana ba da labarin kowanne: wannan an sassaƙa shi shekarar da aka haifi wance, wancan kuwa lokacin da rufin ɗaki ya faɗa.

Wata shekara, ranar buɗe akwati, Auta ya kawo wa Gwaggo 'ya'yan da ya gasa don ta gani. Ta ɗauki tauraro guda, ta juya bayansa, ta shinshina.

“Auta, wuta ta yi yawa,” ta ce. “Ka dubi gefen nan ya yi duhu. Sauri kake yi? Wa ya biyo ka?”

“Launinsa ne haka, Gwaggo.”

“Launinsa? Ni za ka gaya wa launi? Yaro, na fara gashi tun kana tsotsar yatsa. Kai da ka taɓa cusa yumɓu a hanci muka yini muna fama da kai?”

Matarsa ta rufe baki da mayafi, amma dariyar ta kuɓuce. Gwaggo ba ta nufi komai ba sai raha irin ta tsofaffi. Auta kuwa fuskarsa ta canja. Ya tattara kayansa, ya kulle akwati, ya yi sallama a taƙaice. A hanya ya ce wa matarsa, “Ni da buɗe akwatin nan a gabanta, sai dai a lahira.”

“Haba maigida, gwaggonka ce fa. Ba ita ta goya ka ba?”

“Ta goya ni, ba ta sauke ni ba har yanzu. To na sauka da kaina.”

Da shekara ta zagayo, mazubai suka gaji. Sai wata dabara ta faɗo masa. Ya zaɓi mafi kyau daga cikin 'ya'yan bara, ya barbaɗa musu hoda, ya danna musu yumɓu, ya fitar da sababbin mazubai daga jikinsu. Ya ɗaga ɗaya a hasken taga ya kira matarsa.

“Zo ki gani. Ina bambancin?”

Ta duba ta ce ba ta ga bambanci ba, kuma gaskiya ta faɗa, domin abin da ya ragu a karon farko bai kai ido ya kama shi ba. Amma duk wanda ya san aikin ya san yumɓu ba ya shiga kowane lungu na zane. Kullum yakan bar ɗan wani abu a baya. Shekara ta gaba ya ɗauki mazubi daga 'ya'yan wannan mazubin, ta gaba ma haka. Kowace shekara da ta bara yake gwadawa, ya ga sun yi daidai, hankalinsa ya kwanta.

Bai yanke zumunci gaba ɗaya ba, kuma da wannan yake kare kansa. Yakan aika da gaisuwa, yakan aika da abin alheri. In sun haɗu a wajen suna ko ta'aziyya ya durƙusa ya gaishe ta. Takan riƙe hannunsa ta ce, “Auta, iyayenka na cigiyarka. Sun gaji da duhu.” Shi kuwa ya ce, “Ina nan tafe, Gwaggo, aiki ne ya yi yawa.” Da ta ji yadda yake yi, sai ta ce wa matarsa, “Ki gaya masa, jikan jika ba ya kama da kaka sai a suna.” Matar ta isar da saƙo. Ya ce, “Ai kin ji ko? Har yanzu gyara take yi mini.”

Ni ma na taɓa yi masa magana a bakin ƙofa, da lafazi mai laushi gwargwadon iyawata. Ya saurara da ladabi, ya ce Allah Ya saka da alheri, ya shige gida. Nasiha gare shi kamar ruwa ce a bayan agwagwa.

Kasuwa ta fara ja da baya. Masu shagunan da ke sarar kayansa suka rage. Ya ɗora laifi a kan zamani, da kayan roba masu araha, da mutanen yanzu da ba su san abu mai kyau ba.

Ana nan, wata rana da hantsi, wata dattijuwa mai ɗinki ta shigo ɗakin aikin. Tsohuwar mai sayen kayan gidan ce tun zamanin mahaifinsa, ta daɗe ba ta gari. Ta kwance bakin gyalenta ta fito da ganye guda, launinsa ya koɗe.

“Ɗana, irin wannan nake so. 'Yata ta yi sabon gida, ina so in rataya mata abin da ta taso tana gani a tagarmu.”

“Akwai, Inna, ga su nan da yawa.” Ya ɗebo mata daga tire.

Ta ɗauki ɗaya, ta matso da shi kusa da ido, ta shafa da babban yatsa. “A'a, ganye na ce maka. Wannan ai harshen takalmi ne.”

“Shi ne, Inna. Zanen Baba ne, ba mu taɓa canjawa ba.”

“To ina jijiyoyin? Ina wurin da tsutsa ta ci? Yarana har faɗa suke yi a kan wa zai rataya mai cizon tsutsa.” Ta ajiye nata kusa da nasa a kan gilashi. “Duba da kanka. Idona ya tsufa, amma bai mutu ba.”

Auta ya sunkuya. Nata ganye ne kamar yanzu aka tsinko shi. Nasa kuwa sumul yake kamar sabulun da ya sha wanka, jijiyoyin sun zama inuwa, gurbin tsutsar ya cike. Ya ɗauko tauraro ya duba, ya ɗauko fure. Duk haka suke. Dattijuwar ta ɗaure ganyenta a gyale, ta ce Allah Ya jiƙan mai hannun, ta fita.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya buɗe aljihun tebur ya lalubo makullin, ya ɗauki kwalbar mai. Matarsa ta gan shi, ta ɗauki mayafinta ta bi shi.

Suka tarar da Gwaggo zaune a ƙofar ɗaki. Ta rame, idanunta sun yi hazo, da murya ta gane shi.

“Wa nake ji kamar Auta? Yau rana ta ina ta fito?”

Ya durƙusa. “Gwaggo, na zo ki gyara mini.”

“Tashi, tashi, ɗan nema. Yana nan ƙarƙashin gado inda ka bar shi. Kullum sai na shafa murfinsa. Sau nawa aka ce in kira kafinta ya ɓalle, na ce a'a, yayana bai ce a ɓalle ba, cewa ya yi Auta ya buɗe.”

Ya jawo akwatin. Tun daga ɗagawa ya gane ba lafiya, domin ya san shi da nauyi, yau kuwa ya taso kamar kwando. Ya fito da shi tsakar gida, ya sa makulli. Da ya ɗaga murfi sai ƙasa ta zubo. Gara ta shiga ta gindi, ta yi gini a ciki. Ya ɗauki uwa guda, ta yi masa kama da lafiyayya, da ya matsa sai ta ruguje a hannunsa, ɓawo ne kawai. Ya ɗauki wata, ya ɗauki wata. Matarsa ta ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un,” ta zauna a ƙasa.

Gwaggo ba ta ganin abin da ke faruwa. Ta miƙo tafin hannunta tana murmushi.

“Miƙo mini ganyen nan in shafa, Auta. Na yi kewarsa.”

Ya kama hannun nata da hannunsa mai garin katako. Ta murza garin a tsakanin yatsunta, ta kai hanci, murmushin ya ɗauke.

“Allah Sarki, yayana,” ta ce. “Yau ka rasu.”

Ya kai mai karatu, ka lura da cewa Auta bai yi sata ba, bai ci haƙƙin kowa ba, bai ma daina aiki ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya ƙi komawa inda za a gyara masa, ya mai da aikin kansa ma'aunin kansa. Malamanmu na da, in ɗalibi ya kwafi littafi, ba sa yarda da kwafin sai an zauna an gwada shi da asali layi bayan layi, domin sun san kuskure ba ya zuwa da ganga, a hankali yake shiga har baƙi ya zama wani baƙin. Haka sana'a take, haka ilimi, haka hali. Wanda yake auna yau ɗinsa da jiyansa kaɗai ba zai taɓa ganin nisan da ya yi ba. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma abin da magabata suka bari ba ya jiran ranar da za ka huce. In kana da tsoho mai gaya maka gaskiya, ka je gare shi tun yana gani, tun akwatin yana da nauyi. Allah Ya raba mu da girman kai, Ya ba mu kunnen jin gyara.