Ruwan da Mai Tarwada Ya Saki

Akwai wani mutum da ake kira Mai Tarwada, saboda kiwon kifi ne sana'arsa, kuma Allah ya buɗa masa a cikinta.

Da tankin roba ya fara, a bayan ɗakin mahaifiyarsa. Abokai suna tsokanarsa wai wanda ko kaza bai taɓa kiwo ba, ya tashi kiwon abin da ba ya jin kira. Cikin 'yan shekaru ya sayi fili a saman unguwa, a bakin rafi, ya gina tafkunan siminti jere-jere. Masu otal da masu gasa kifi a bakin titi duk a wurinsa suke sari. Ya ɗauki ma'aikata, ya gina gida a cikin gari, ya tare da iyalinsa.

Mahaifiyarsa, wadda duk unguwa ke kira Inna, ta ƙi binsa. Ta ce a ɗakin nan mahaifinsu ya bar ta, daga nan za a ɗauke ta. Ta ci gaba da zama a gangaren unguwa tare da ƙanwarsa, Auta.

Ita tarwada ba ta zama a ruwa ɗaya. Dole a riƙa canza mata, domin tsohon ruwan cike yake da kashinta da ragowar abinci da magani. Masu gudun cutar da jama'a sukan haƙa rami ruwan ya kwanta a tace shi kafin a sake shi. Mai Tarwada ya dubi filin da ramin zai ci, ya ga ya isa a ƙara tafki. Sai ya ƙara tafki, ya ja bututu ya miƙa shi cikin rafi. Kifin da ya mutu kuwa, a kwazazzabon gefen gonar ake jibge shi.

Rafin ya koma kore, daga baya ya yi baƙi. Mata suka daina wanki a ciki. Ƙudaje suka cika gidaje. Can sai rijiyoyin gangare suka fara ƙarni.

Wani dattijo da ake kira Baba Masunci, wanda a rafin nan ya tsufa, ya tako har gonar. Ya tarar da Mai Tarwada yana watsa wa kifi abinci, ruwa yana ta ɓal-ɓal.

"Ɗana, ba roƙo na zo ba," in ji shi. "In na jefa komata gawar kifi take kamowa, wannan na haƙura. Amma rijiya fa? Yara ke sha."

Mai Tarwada ya yi dariya. "Baba, kai ka ƙare rayuwarka kana bin kifi yana gudu, ni nawa yana jin takuna yake taruwa. In aiki kake so, ina neman mai gadi."

Ma'aikata suka tuntsire da dariya.

"Rafin nake maka magana."

"Rafin na babanka ne?"

Dattijon ya dube shi. "Na babana ne, na naka ne. A ciki ya koya maka iyo, ina tsaye." Ya juya ya tafi.

Da maganar ta kai kunnen Inna, ta aika aka kira shi. Bayan sun gaisa ta ɗebo ruwa a randa ta miƙa masa. Ya kai kofin baki, warin ya buge shi, ya ajiye.

"Sha mana," in ji ta. "Naka ne."

"Haba Inna, don wannan? Daga gobe za a riƙa kawo miki ruwan leda. Kada ki ƙara taɓa rijiyar nan."

"Maƙwabta fa?"

"Inna, ni ba gwamnati ba ce."

"Ni ban ce ka zama gwamnati ba. Cewa na yi ka toshe bututun can."

Ya sosa ƙeya. "Zan toshe. Bari a fitar da kifin da ke ciki tukuna."

Aka fitar da wannan kifin, aka zuba wani. Bututu yana nan yana amai.

Ruwan leda kam bai taɓa yankewa ba. Sai dai abin da Mai Tarwada bai sani ba, motar da ta kawo ruwan tana juyawa Inna take rabar da shi. Ta ba mai jego, ta ba gidan da ke da ƙananan yara, ta bar wa Auta nata. Duk wanda ta miƙa wa sai ta ce, "Ɗana ne ya aiko muku. Ku sa masa albarka." Ta gaji da jin ana tsine masa ta bayan katanga.

Ita kuwa ruwan rijiya take tacewa da ƙyalle ta sha. In Auta ta yi magana ta ce, "Tsohon ciki ne, ya saba. Kuma kika faɗa wa yayanki ban yafe ba."

Da damina ta faɗi, ruwan farko ya wanke kwazazzabon nan da duk abin da ya ruɓe a cikinsa, ya gangaro unguwa, ya malala cikin rijiyoyi. Amai da gudawa suka ɓarke gida-gida.

Ranar da ciwon ya kama Inna, da safe Auta ta kira shi. Yana tsaye kan masu lodi, babbar mota ta zo daga nesa.

"Yaya, Inna ba lafiya, ko zama ba ta iya yi."

"Ki kai ta asibiti, ina nan tafe. Bari in sallami mutanen nan."

Bai sallame su ba sai bayan azahar. Da ya shiga asibitin, ya tarar da barandar cike da 'yan unguwarsu, wasu kwance a tabarma, an rataye musu ledar ƙarin ruwa a jikin taga. A ɗakin ƙarshe ya samu Auta durƙushe a gaban gado, an riga an ja wa Inna zane har kai.

Likita ya ce gurɓataccen ruwa ne. Mai Tarwada ya juya kan ƙanwarsa. "Wane gurɓataccen ruwa? Ina wanda nake aikowa?"

Auta kuka kawai take yi.

Ba Inna kaɗai aka rasa ba. Baba Masunci ma ya binne jikarsa a makon. Duk da haka ya zo gaisuwa, ya zauna, ya yi wa Inna addu'a mai tsawo, ya tashi ya tafi. Mai Tarwada ya kasa ɗaga kai.

Da ya shiga cikin gida wajen mata, wata maƙwabciya da goyo a baya ta durƙusa a gabansa.

"Allah ya jiƙan Inna. Kai kuma Allah ya saka maka da alheri. Ba don ruwan da kake aiko mana ta hannunta ba, da yaron nan ma ya tafi. Kowa na zaginka, ni dai ban taɓa ba."

Ya dubi Auta. Ta share hawaye ta ce, "Duka take rabarwa, Yaya. Da sunanka. Ita na rijiya take sha."

Ya zauna a ƙasa, a ƙofar ɗakin Inna.

Da hannunsa ya kwaɓa siminti ya toshe bututun. Amma wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Hukuma ta rufe gonar, masu sari suka koma wani wuri, ma'aikata suka watse. Ya sayar da motarsa ya haƙa wa unguwa rijiyar burtsatse. Mutane suna ɗiba don ba su da wata, amma da wuya ka ji wanda ya yi masa sannu.

Ranar da ruwan ya fara zuba, Auta ta tara kofi ta kawo masa. Ruwa garau, babu wari. Ya riƙe kofin ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Auta, kuɗin nan ai ina da su tun Inna tana raye."

Darasi: Sana'a halal ce, riba ma halal ce, amma ƙazantar da ka tura wa maƙwabci ba ta tambayar gidan wa za ta shiga. Kada ka ce ka tsare naka alhali ka bar na wasu cikin cuta, kuma gyaran da za ka iya yi yau kada ka ce sai an fitar da kaya. Ku tura wa duk mai gona ko masana'antar da kuka sani, wataƙila ya toshe nasa bututun tun da sauran lokaci.