Manomin da Ya Tsaya wa Gawa a Kan Gada

Akwai wani mutum mai lambun tumatir a bakin rafi, yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake kai kayansa kasuwa da ita. Motar ta sha wuya, sai an tura take tashi, amma da ita yake ciyar da gidansa.

Wata rana da hantsi ya yi lodin kwanduna, ya hau gadar shiga gari, sai ga mutane tafe da makara a kafaɗa, za su maƙabarta. Bai san ko gawar wane ne ba. Amma tun yana ƙarami ubansa ya koya masa ba a wuce gawa a guje. Sai ya taka birki, ya sauko, ya cire hularsa, ya tsaya har suka wuce.

A kan gadar kuwa akwai allon da ya hana tsayawa. Kafin ya mai da hularsa, jami'in hanya ya iso, ya yanka masa takardar tara. Dokar jihar ta ce wanda ya tsaya a kan gada za a riƙe lasisinsa wata uku, sai dai in ya je kotu cikin kwana bakwai ya ƙalubalanci takardar. Wata uku! Tumatirin da ya nuna ko kwana uku ba ya jira.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya tafi wurin ƙanin matarsa, wani direba da ya saba shiga da fita kotun masu motoci, ya nuna masa takardar.

Direban ya yi dariya, ya ce, "Yaya, wannan ai mai sauƙi ne. Ka ce mota ce ta mutu maka. Wa zai kalli wannan akwalar ya musa? Kowa haka yake faɗa."

Manomin ya ce, "Amma ba ta mutu ba."

"To, ka je ka yi wa alƙali zancen gawa, mu ga ko doka ta san cire hula."

Matarsa ma tsoro ya kama ta. Ta ce, "Baban Rifkatu, lambu ya yi jawur. Ka bi shawararsa mana."

Ya ce, "Zan je, zan kuma faɗi abin da ya faru. Ban yi abin kunya a kan gada ba, ba zan je in yi shi a gaban alƙali ba."

Ya je ran Litinin, alƙali bai zauna ba. Ya koma ran Laraba, aka ce ba a ga takardunsa ba. Wani ma ya ja shi gefe ya raɗa masa, in ya kawo na goro maganar za ta mutu. Ya ƙi. A rana ta bakwai, tun ba a buɗe ƙofa ba yana zaune a kan benci.

Da aka kira shi, alƙali ya ce, "Ka tsaya a kan gada?"

"Na tsaya, ranka ya daɗe."

"Motarka ce ta lalace?"

Ga ƙarya an miƙo masa har baki. Ƙanin matarsa, da ya rako shi, na ta ƙyafta masa ido daga inda yake zaune. Ya tuna da lambunsa. Sai ya ce, "A'a, ranka ya daɗe. Ran nan kam lafiyarta ƙalau. Gawa aka zo wucewa da ita, na tsaya."

Alƙali ya juya wurin jami'in, ya ce, "Ka ga makara?"

"Na gani, ranka ya daɗe."

"Kai me ka yi da ta zo wucewa?"

Jami'in ya sunkuyar da kai, ya ce, "Na cire hulata, na ƙame."

Sai alƙali ya ce wa manomin, "Dokar da ta hana tsayawa a kan gada, ita ce kuma ta ce a ba masu ɗauke da gawa hanya. Na soke takardar. Da ka ce motar ce ta lalace, da na sa an tsare ta sai masu duba motoci sun gama da ita. Ni da kai kuwa mun san ba za ta fito ba."

Manomin ya fito da lasisinsa a aljihu. Ƙanin matarsa ne ya tura masa motar har ta tashi.

To 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Takardar tara ita ce zargin da zai same ka ko da abin kirki ka yi. Kwana bakwai ɗin suna nuna mana kada mu naɗe hannu mu ce ai Allah ya gani. In doka ta ba ka ƙofa, ka je, ka koma, ka sake komawa. Shawarar direban kuwa ita ce ƙaryar da ta fi kowace haɗari, wato wadda ta yi daidai da kai har ba mai musawa. Ɗalibi yana da irinta, mai awo a kasuwa yana da irinta, mu dattawan ikilisiya ma muna da tamu.

Ba zan ruɗe ku ba, ba kowace kotun duniya ce take ƙarewa haka ba. Wani zai faɗi gaskiya, tumatirinsa ya ruɓe. Amma akwai Alƙalin da ya ga makarar, ya ga hular, ya kuma tanadi jinƙan da ba mu san yana cikin shari'arsa ba. Wannan jinƙai yana jiran mutum ne a inda ya tsaya da gaske, ba a inda ya ƙaga ba.

Saboda haka ranar da aka tambaye ka, "Motarka ce ta lalace?" kai kuwa ka san lafiyarta ƙalau, ka buɗe baki ka ce a'a.