Telan da Ya Sayi Gida da Rani

Akwai wani tela, jama'a, da ya yi shekara ashirin da biyu yana taka keke a shago ɗaya cikin kasuwa. A ɗinki kam ba a ja da shi. Idan aka kawo masa rigar da wani ya ɗinka, ko kallon fuskarta ba ya yi. Juya ta yake yi ciki-waje, ya bi zaren da farce, sannan ya taɓe baki.

Aibinsa ɗaya ne, amma babba. Duk maganar da ba daga bakinsa ta fito ba, a wurinsa ba magana ba ce. Matarsa ta daɗe da gane haka, ta koma daga "to" sai "Allah ya sa alheri".

Burinsa a duniya ya bar gidan haya. Yana son gida mai shago a gaba, ya fito daga ɗaki ya hau keke. Kafin ya samu haka sai ya sayar da shagonsa na kasuwa, ya haɗa da duk abin da ya tara. Ke nan idan gidan ya ba shi kunya, babu wurin komawa.

Wata rana da rani wani dillali ya kai shi wani layi. Gida ne mai ɗaki uku da falo, an shimfiɗa tayil har tsakar gida, ga shago yana kallon titi. Duk gidajen layin an shafa wa bangonsu fentin mai, ruwan ƙasa, daga tushe zuwa daidai ƙugun mutum. Dokin ƙofar kowa kuma an ɗaga shi, sai ka ɗaga ƙafa sosai kafin ka shiga.

"Ka ga mutanen da suka san kwalliya," in ji Tela. "Har fenti iri ɗaya."

Da dillali ya faɗi kuɗin, Tela ya ɗauka bai ji daidai ba, don ya yi araha ƙwarai.

"Mai gidan canjin wurin aiki aka yi masa," in ji dillali. "Rabonka ne ya tsaga, ranka ya daɗe."

Tela yana da ƙanwa, autar gidansu, malamar lissafi a wata makaranta. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, kuma bai taɓa bari ta manta da hakan ba. Da Auta ta ji farashin, hankalinta bai kwanta ba. Ta nemi izinin kwana ɗaya a wurin aiki, ta tafi ofishin filaye, ta cika takarda, ta zauna a benci a wani ɗaki mai warin tsohuwar takarda da fankar da ba ta juyawa. Sai bayan azahar wani ma'aikaci ya ajiye mata kundin layin. Ta bi shi gida-gida tana kwafa.

Washegari ta same shi a shago, akwai masu jiran ɗinki biyu a zaune.

"Yaya, in ka sami sarari ina son magana da kai, mu biyu."

"Faɗi a nan. Ni ba ni da abin ɓoyewa."

Ta shimfiɗa takardar a teburin yanka. "Layin nan gida goma sha ɗaya ne. A shekara shida, bakwai sun canja hannu. Wanda kake so kuwa, kai za ka zama na biyar."

"To sai me? Abu mai kyau ai dole a yi rububinsa."

"Da rububi ne, da kuɗinsa hawa yake yi. Sauka yake yi, Yaya, alhali ko'ina a garin nan gida tsada yake ƙarawa. Kuma duba kwanan wata. Duk da rani aka sayar, ko ɗaya babu da damina. Babu wanda ya wuce damina biyu a ciki."

"To, Malama, me kika gano?"

"Ban gano ba. Shi ya sa nake roƙo a dakata. Wata uku ya rage ruwa ya sauka. Mu gani da idonmu."

Ɗaya daga cikin masu jiran ya gyaɗa kai, ya ce yarinyar nan fa tana da magana. Wannan gyaɗa kan shi ya ɓata komai. A gaban mutane, a cikin shagonsa, a ce yarinyar da ya goya ta fi shi hange?

"Fensirin farko da kika riƙe, ni na saya miki," ya ce. "Yau ni za ki zaunar ki koya wa sayen gida? Ko dai zafi kike ji zan riga mijinki fita daga haya?"

Auta ta miƙe tsaye. Idonta ya ciko. Ta ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yaya," ta fita.

Takardar da ta ɓata yini guda tana kwafa, ya juya bayanta ya zana wuyan riga, ya bi da almakashi. Ni dai wannan ya fi ƙona mini rai a labarin nan. Mutumin da ba ya yarda da riga sai ya juya cikinta, shi ne aka juya masa cikin gida aka ajiye a gabansa, ya ƙi dubawa.

Da yamma dillali ya kira, wai akwai wani mai son gidan da zai zo jibi da kuɗi a hannu. Kafin mako ya zagayo Tela ya sayar da shago, ya sa hannu, ya tare. Ya jera kekuna uku da injin surfani a sabon shago, baki har kunne.

Ruwan farko ya sauka, lafiya. Na biyu ma haka. Har ya kira Auta a waya.

"Malamar lissafi, damina ta zo, gida yana nan a tsaye. Ko a sake lissafin?"

"Alhamdu lillahi, Yaya. Haka nake fata."

Da damina ta yi tsakiya, wata rana da la'asar, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tela yana kan keke sai ya ji matarsa ta ƙwala masa kira. Ruwa ne yake ɓulɓulowa daga magudanar banɗaki, baƙi ƙirin, mai wari. Ya leƙa waje, ya ga titin ya zama kogi. Ashe kwalbatin da ke ƙarƙashin babbar hanyar bayansu ya yi ƙanƙanta, duk ruwan unguwannin sama a layin nan yake juyewa.

Ruwa ya haye dokin ƙofa, ya kai gwiwa, ya wuce. Ya ɗora yaransa a kan tebur, matarsa tana salati. Kafin ya koma shago, kekuna sun nutse, yadukan mutane suna yawo cikin taɓo. Ruwan bai tsaya ba sai da ya kai daidai inda fentin nan mai ruwan ƙasa ya ƙare. Tela ya tsaya a ciki har ƙugu yana kallon bango. Sai a lokacin ya gane ba kwalliya ba ce, tabon ruwa ake rufewa.

Da ruwa ya janye ya shiga wurin maƙwabcinsa, wani makanike. Ya tarar da katifu a kan katakon da aka kafa kusa da rufi, firiji a kan bulo shida. Mutumin ko a jikinsa, shara kawai yake yi.

"Ka san da wannan?" in ji Tela.

"Wannan ce daminata ta biyu."

"Ranar da na zo duba gida kana zaune a ƙofa. Na yi maka sallama!"

"Ka yi, na amsa. Ba ka tambaye ni komai ba." Makaniken ya jingine tsintsiya. "Kuma kada in yi maka ƙarya, ko ka tambaya ba zan faɗa ba. In na faɗa maka, wa zai sayi nawa?"

Da safe Auta ta zo da motar haya, ta kwashe matar da yaran zuwa ɗaki biyun da take haya da mijinta. Sannan ta dawo, ta ɗaure zani, ta shiga kwasar taɓo. Ko sau ɗaya ba ta ambaci takarda ba. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, girman kai ya shaƙe shi, abin da ya fito shi ne, "A hankali da keken nan."

"To, Yaya," ta ce, ba ta ɗago ba.

Masu yadi wasu suka yafe, wasu suka tafi da bakinsu, labari ya zaga. Wa zai kai kayansa shagon da ruwa ke ci? Shagon kasuwa kuwa tuni wani ya cika shi da kayan waya. Ruwa ya sake shiga sau biyu kafin damina ta ɗauke.

Rani ya dawo, bango ya bushe. Sai ga dillali, ko kunya babu, da gwangwanin fenti biyu a hannu. Tela ya ci kwalarsa.

"Sake ni, ranka ya daɗe, mu yi magana," in ji dillali. "Wanda ya sayar maka ba mugu ba ne, shi ma haka aka yi masa. Kana da wata huɗu kafin hadari. Ko dai ka shafa fenti mu nemo wani, ko ka zauna ka jira ruwa da 'ya'yanka."

Tela ya daɗe riƙe da kwalar. Sannan ya saki, ya ce, "Ajiye fentin."

Da kansa ya shafa. Ya ja layi a miƙe, babu karkata, kamar yadda yake kalmasa bakin riga.

Yana cikin shafa bangon waje sai dillali ya iso gidan makanike da mai saye. Wani dattijo ne, tsohon mai gadi da ya yi ritaya, tare da matarsa. Suka duba ɗakuna suka fito. Dattijon ya bar su, ya tsallako wurin Tela, ya yi sallama.

"Ɗana, kai da kake zaune a nan, yaya layin nan yake? Kuɗin sallamata ne gaba ɗaya zan zuba. Ba ni da ƙarfin sake nema."

Makanike ya zuba wa Tela ido ta kan katanga. Dillali ya yi kamar yana duba waya. Tela ya san idan ya faɗi gaskiya, gobe kowa ya ji, kuma nasa gidan ya mutu a hannunsa. Ya tuna yaransa a kan tebur. Ya dubi furfurar dattijon.

"Lafiya lau, Baba," ya ce. "Ba mu da matsala."

Dattijon ya kama hannunsa mai fenti da hannu biyu. "Allah ya yi maka albarka. Da ganin fuskarka na san ba za ka cuce ni ba. Ashe na yi maƙwabci."

Tela ya kasa cewa amin. Ya shiga shagon da babu kowa, ya turo ƙofa, ya zauna a ƙasa tsakanin kekunan da suka yi tsatsa, ya yi kukan da bai yi ba ranar da ruwa ya cinye su.

Darasi: Kafin ka sayi gida, kada ka tsaya a fenti da bakin dillali. Je ka duba sau nawa aka sayar da shi da na kusa da shi, a wane lokaci, kuma farashin hawa yake ko sauka. Idan na ƙasa da kai ya kawo maka hujja, dubi hujjar, ka bar shekarunsa. Girman kai ba dukiya kaɗai yake ci ba, yana iya kai mutumin kirki inda zai cuci wani don ya tsira. Ku tura wa duk wanda kuka san yana neman gida, tun bai sa hannu ba.